Wayar salula da ciwon dajin baki: amfanin dubawa da wuri

Ciwon dajin baki yana cikin cututtukan da ke farawa a inda ido ke iya gani: a gefen harshe, a dadashi, a leɓe ko cikin kumatu. Duk da haka, galibin masu shi ba sa zuwa asibiti sai ya hana su tauna da magana. Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2022 mutane kusan 390,000 suka kamu da shi a duniya, sama da 180,000 kuma suka rasu. Manyan sanadinsa su ne taba da barasa, har da taba gari da wasu ke haɗawa da kanwa su cusa a leɓe.

Tun a 2005 wani babban bincike a jihar Kerala ta Indiya ya tabbatar da fa'idar dubawa. Ma'aikatan lafiya sun bi gida-gida suna leƙa bakin mutane da fitila kawai, sai mace-macen wannan ciwo suka ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakanin masu taba da barasa. Matsalar ita ce ƙarancin ƙwararru. A Afirka, likitocin haƙori ba su wuce 3 ko 4 ga mutum 100,000 ba, kuma akasarinsu suna manyan birane. Mutumin Malanville da ke neman ƙwararre yakan nufi Parakou, ko Kwatano mai nisan sama da kilomita 700.

Wannan giɓi ne masana ke son cikewa da ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar kwamfuta da aka koya wa gane ciwo ta hanyar nuna mata dubban hotunan baki waɗanda likitoci suka riga suka tantance. Ma'aikacin lafiya zai ɗauki hoto da wayar salula, manhajar ta ware wanda ya kamata a tura gaba. A Indiya, wani bincike da aka buga a 2022 ya gwada irin wannan na'ura a kan mutum fiye da 5,000 a hannun ma'aikatan lafiya na karkara. A Maleshiya ma an ƙirƙiro manhajar MeMoSA mai aika hoton baki ga ƙwararren da ke nesa.

Sai dai akwai hattara. Yawancin hotunan da aka horar da waɗannan manhajoji na mutanen Asiya ne, waɗanda abin da suke taunawa ya bambanta da namu. Jan goro da baƙin dadashi na halitta suna iya ruɗa na'urar da ba ta saba da su ba, don haka wajibi ne a gwada ta a ƙasashenmu kafin a dogara da ita. Haka kuma manhaja tuhuma kawai take yi. Tabbaci yana zuwa ne bayan likita ya yanki ɗan nama an auna shi.

'Yan'uwa, abin da ke hannunmu yau ba ya buƙatar kuɗi. Sau ɗaya a wata, bayan asuwaki da kurkure baki, a tsaya gaban madubi wurin haske, a ɗaga harshe, a ja leɓe da kumatu a duba. Miki da ya wuce mako biyu bai warke ba, farin tabo ko ja da ba ya gogewa, ƙullutu a baki ko a wuya, duk dalili ne na zuwa asibitin yankin Malanville da Karimama ba tare da jinkiri ba, ko da babu zafi. Matasa su taimaki iyaye da kakanni da fitilar waya, musamman masu taba gari. Mai taba kuwa ya yi azamar barinta, domin rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya mai amfani.