Injin Yankan Ƙarfe da Rubutun da ke Bisa Faifansa

Duk wanda ya ratsa Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko kuwa ya tsaya gefen wani gini da a ke yi cikin unguwa, lalle ya ji kukan wani ɗan inji na hannu wanda masu walda da magina ke yanka rodi da kankare da shi, yana ta feshin tartsatsi. Aikin da mai zarto zai yini a kansa, shi kafin a sha ruwa ya gama. Asalinsa daga Jamus ne: wani kamfani mai suna Ackermann da Schmitt ya fito da irinsa mai gudun nan cikin shekarar 1954, har yau kuwa Jamusawa Flex su ke ce masa. Zancensa ya shafi ɗan kasuwa, domin shi ke sayar da faifan, shi ke kuma sa a ƙera masa ƙofar kanti. Ya shafi malami, domin da yawa cikin almajirai in sun tasa wurin masu walda su kan tafi koyon sana'a.

To, haɗarin injin nan galibinsa cikin faifai ya ke, watau zagayayyen abin nan da a ke ɗaura masa a baki. Faifan ba ƙarfe ba ne. Garin dutsen wasa ne aka haɗa da wani irin ƙaro, aka sa masa raga a ciki, aka gasa. Na yanka kaurinsa bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba. Ƙaramin inji mai faifan inci huɗu da rabi ya kan juya wajen sau 11,000 cikin minti ɗaya, babba mai faifan inci tara wajen sau 6,500. Bakin faifan iyakar gudun da aka yarje masa mita 80 ne cikin daƙiƙa, watau kilomita 288 a awa. In ya fashe, da wannan gudu ɓaraguzan ke tashi, fuskar mai riƙe da shi kuwa ba ta kai kamu biyu daga wurin ba.

Saboda haka masu yin faifai su kan buga iyakar gudunsa a jikinsa, masu yin inji su ma su rubuta nasa gudun bisa wani ɗan allo. Ƙa'idar guda ce: lambar faifai kada ta gaza lambar inji. Faifan inci huɗu da rabi a kan rubuta masa 13,300, na inci tara 6,650. Inda tarkon ya ke shi ne hudar tsakiyarsu ɗaya ce, babba da ƙarami duk su kan shiga sandar inji guda. Sai mutum ya ga ƙaramin faifai ba ya kai masa zurfin da ya ke so, ya kwance murfin ƙarfen da ke kāre rabin faifan, ya ɗaura babba. Ya yi ɓarna biyu ke nan a lokaci ɗaya. Ya sa faifan gudun da zai ja shi da ƙarfin da ya kusa ninka iyakarsa sau uku, sa'an nan ya kawar da garkuwar da za ta tare masa ɓaraguzai. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Akwai wani rubutu kuma wanda ba kowa ke lura da shi ba. Bisa ɗan zoben ƙarfen da ke tsakiyar faifai a kan buga shekarar da zai daina amfani, galibi shekara uku bayan yinsa, domin ƙaron da ke riƙe da shi ya kan lalace da daɗewa, laima da zafi kuma su gaggauta masa. Faifan da ya kwana bisa sumuntin kanti da damina, ko ya faɗi ƙasa ya tsage ciki, ido ba ya gane aibinsa. A nan nauyi ya hau kan mai sayarwa, domin mai saye ya dogara ne da amanarsa, kuma sau da yawa yaro aka aiko wanda bai iya karanta boko ba. Sayar da irin wannan da rangwame ba ya fid da shi daga algus.

Faifan yanka da baki kaɗai ya ke aiki. Wanda ya kwantar da shi ya goge walda da gefensa, ragar ciki ya ke cinyewa. Na guga daban ne, kaurinsa wajen milimita 6. In kuwa ƙarfen da a ke yanka bai sami abin tokara ba, ya lanƙwasa ya matse faifan, sai injin ya yi tutsu ya zabura wajen mai shi cikin ƙiftawar ido. Dalilin mariƙi na biyu ke nan, wanda a kan kwance a jefar cikin akwati. Mafi muni duka shi ne ɗaura masa faifan zarto mai haƙora don yankan katako, domin haƙoran su kan cafki itacen su fizge injin daga hannu.

Tufafin ƙasar nan ma sai an yi hattara da su. Hannun babbar riga, da jelar rawani, da carbi mai lilo, duk injin na iya naɗe su. Ga kuma sha'anin lantarki: in aka ɗauke wuta a tsakiyar aiki, mutum ya ajiye injin bai kashe maɓalli ba, ranar da wuta ta dawo sai ya tashi da kansa ya yi ta tsalle a ƙasa inda yara ke tsugune. Ba a canja faifai sai an zare waya daga bango. Tartsatsin da ke fita kuwa ɓarɓashin ƙarfe ne mai wuta. In ya makale a baƙin ido, cikin 'yan awoyi ya kan bar zoben tsatsa, kuma ba a cire shi da tsinke ko ƙasan ashana, sai asibiti. Gilashin kāre ido bai kai kuɗin faifai kaɗan ba. Gangar da ta taɓa ɗaukar fetur, ko da ta yi wata da watanni babu kome ciki, tururin da ya rage ya isa ya tarwatsa ta da mai yankanta.

Wannan duk cuta ce mai zuwa da ƙara. Ta yankan kankare da tayil da dutse shiru ta ke zuwa. Farar ƙurar nan da ke tashi tana ɗauke da garin yashi wanda Turawa ke kira silika, mafi illarsa kuwa ya yi ƙanƙanta har ido ba ya ganinsa. Ya kan wuce hanci ya sauka can ƙuryar huhu, jiki ba ya iya fid da shi, sai huhun ya yi ta yin tabo har ya sandare. Mutum na iya shekara 10 ko 20 yana aiki lafiya lau, sa'an nan numfashi ya fara yi masa wuya in ya hau tudu. Tabon ba ya warkewa, yana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa, har a kan rikita su biyun.

Wasu ƙasashe sun ga iyakar wannan cuta da idonsu. A Amurka, cikin shekarar 1930, aka soma huda wani dutse a Hawks Nest, jihar West Virginia, don a ja ruwan kogi. Aka yi ta haƙa a bushe ba a zuba ruwa, yawancin leburorin kuwa baƙaƙen fata ne, ɗaruruwansu suka mutu cikin 'yan shekaru. A 2016 hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta ƙasar ta ƙayyade ƙurar silika kada ta wuce maikirogiram 50 cikin ko wace mita kubik ta iska a yinin aiki na awa takwas. Ostareliya kuwa, da ta ga samari masu yankan wani dutsen kanti na teburin kicin suna kamuwa tun da ƙuruciya, sai ta hana shi ɗungum daga ranar 1 ga Yuli, 2024.

Maganin ƙurar a kashe ta tun a bakin faifai, ko da ruwa, ko da inji mai zuƙe ta. Amma a sani, ɗan injin hannu na lantarki ba don ruwa aka yi shi ba, wanda ya kwarara masa da buta na iya gamuwa da jan wuta. Akwai injin da aka yi musamman don yankan jiƙe. In babu, a fita da aikin fili, mai yanka ya ba iska baya, ya sa takunkumi na ainihi mai lambar N95 ko FFP3 wanda ya kama fuska. Amawali ko ƙyalle ba su tare wannan ƙura. Bayan an tashi kuma a yayyafa ruwa kafin shara, domin tsintsiya bisa busasshiyar ƙura tayar da ita ta ke yi sabuwa, mai sharar kuwa galibi shi ne ƙaramin yaron shago.