Kwamfutarka na kuka kamar injin niƙa? Ga abin da za a yi kafin bazara ta kankama



Tun da sanyi ya fara ja da baya, tambaya guda ce ke ta dawo mana a tarho da saƙonnin WhatsApp. Ɗalibai na Jami'ar André Salifou da ke rubuta kundin kammala karatu, malaman lakwal, sakatarorin ƙungiyoyin manoma, masu tura fina-finai da waƙoƙi a kasuwa, duk kukansu ɗaya: kwamfutar hannu tana ƙara, ƙasanta ya yi zafi har ba ta ɗoruwa a cinya, aiki ya yi nauyi, wani lokaci ma ta ɗauke da kanta. Shin ta lalace ke nan?

Mu ma abin ya taɓa cin mu. Wata bazara mun ɗauko doguwar hira da wani dattijo a Birni, muka zauna muna gyaran murya bayan azahar, fanka na ta ihu muna cewa bari dai mu ƙarasa. Ba mu ƙarasa ba. Na'urar ta ɗauke, aikin wuni ya tafi, sai da muka sake daga farko. Kuma duk wanda ya taɓa ɗaukar murya kusa da kwamfuta mai kuka ya san yadda makirfo ke kwashe wannan ƙarar ya haɗa da maganar baƙo. Daga nan muka dage sai mun fahimci abin.

Abin da muka gano shi ne, ƙarar fankar ba ita ce cutar ba. Fanka ƴar aike ce, tana faɗa maka cewa ciki ya ɗau zafi.

A cikin kwamfuta akwai wani ɗan guntu da ke yin dukkan lissafi, shi ne ƙwaƙwalwarta, faɗinsa bai wuce farcen babban yatsa ba da yawa. In yana aiki yana cin wuta, a yawancin kwamfutocin hannu daga wat 15 zuwa 45, kuma wutar nan duk zafi take komawa. Don a kwashe zafin, an kwantar da wani siririn bututun jan ƙarfe a kansa. A cikin bututun akwai ɗan ruwa kaɗan da aka rufe ruf. Ruwan yakan zama tururi a wajen zafin, ya gudu ɗaya bakin, ya huce ya koma ruwa, ya dawo. Wanda ya san yadda randa ke sanyaya ruwa ya riga ya san rabin wannan ilimin: ruwa in zai zama tururi, da zafi yake tafiya. A wancan bakin bututun akwai wasu siraran ƙarafa a jere kamar haƙoran mataji, fankar kuma tana hura iska ta tsakaninsu zuwa waje. Shi ke nan fa, babu wani sirri.

To a nan matsalarmu ta Damagaram take. Fanka ba ta ƙera sanyi, iskar ɗakin da kake zaune take ja. Kamfanonin da ke ƙera waɗannan na'urori, irin su HP, Dell, Lenovo da Apple, yawanci sun rubuta a takardunsu cewa a yi aiki da su a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. Mu kuwa a Afrilu da Mayu digiri 40 abin yau da kullum ne, a inuwa ma, balle a ɗakin kwano da ƙarfe biyu na rana. Ke nan kafin ka taɓa ko maɓalli guda, na'urar ta riga ta wuce iyakar da aka tsara mata. In ƙwaƙwalwar ta doshi digiri 95 zuwa 100, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, shi ya sa za ka ga komai ya yi sanyin jiki. In hakan bai isa ba, ta kashe kanta. Kariya ce, ba mutuwa ba, amma in ana yawan kai ta can, wata rana ba za ta tashi ba.

Sai kuma ƙura. Hazon hunturun da ke rufe mana gari daga Nuwamba zuwa wajen Maris, mafi yawansa daga kwarin Bodele na arewacin Cadi yake tasowa, wurin da masana ke lissafawa cikin manyan matattarar ƙura na duniya. Ƙurar nan laushi gare ta kamar hoda. Fanka na shaƙarta wata huɗu cur, tana haɗuwa da zaren tufafi da na bargo, ta taru a bayan haƙoran matajin nan ta zama kamar ƙyallen auduga. Daga waje ba ka ganin komai. Kuma kada a manta, yawancin kwamfutocin da ke hannunmu na hannu ne, sun yi shekaru a wani ofis ko gida a Turai ko Amurka kafin su biyo ta Kano ko jakar wani ɗan uwa. Mun taɓa tsayawa aka buɗe wata a gabanmu, abin da aka ciro har da gashin kyanwa, alhali mai ita bai taɓa ajiye kyanwa ba.

Mu aikinmu na kunne ne, don haka bari mu ce ku saurari ƙarar da kyau, ba iri ɗaya ba ce. In huci ne kawai, fuuu, yana tashi in ka buɗe bidiyo yana sauka in ka rufe, lafiya lau, aikinta take. In hucin ba ya sauka ko da ba ka yin komai, kai bayan hannunka bakin ramin da iska ke fita. Iska mai zafi na fita da ƙarfi? Hanya a buɗe take, wani abu ne ke wahalar da na'urar daga ciki. Ƙara ta yi yawa amma iskar da ke fita ƴar kaɗan ce? Ƙura ta toshe. In kuwa ƙarar gurzawa ce, ƙerere-ƙerere, ko ƙas-ƙas kamar an sa tsinke a tayar keke, to ƙafar fankar ta ci, ko wani abu ya faɗa ciki, kuma ƙarshenta sai an canja. Wanda ya fi duka haɗari shi ne shiru: zafi kamar kasko amma ba motsin fanka ko kaɗan. Wannan a kashe nan take, kada a sake kunnawa sai mai gyara ya gani.

Akwai abubuwan da ba sa cin ko dala. Na farko wurin ajiya. Yawancin kwamfutoci ta ƙasa suke shaƙar iska, mu kuma mun saba ɗora su a katifa, a filo, a darduma, ko a cinya bisa babbar riga. Wannan kamar toshe wa mutum hanci ne a ce ya yi gudu. A ɗora a tebur, ko allo, ko tiren ƙarfe, a sa marafen kwalba a ɗaga bayanta kaɗan, ban da kan ramukan iskar. A tabarma kan rairayi kuwa, yashi kake ba ta ta sha. Sannan lokaci: aiki mai nauyi, kamar haɗa bidiyon biki ko tura manyan fayiloli, a bar shi sai bayan asuba ko bayan isha'i. Wanda ke da ɗakin ƙasa mai kaurin bango irin na Birni ya fi mai ɗakin kwano sa'a, ya kai ta can. Kuma kada a sa ta a jaka tana barci. A kashe ta gaba ɗaya, musamman in za a hau babur cikin rana.

Sai a leƙa ciki a ga me ke cin ƙarfinta. A Windows, danna Ctrl da Shift da Esc tare, a allon Faransanci su ne Ctrl, Maj da Échap. Wani shafi zai buɗe, masu Faransanci za su ga an rubuta Gestionnaire des tâches. Yana nuna kowace manhaja da kason da take ci. Sau da yawa za ka tarar da shafukan intanet ashirin a buɗe, ko manhajar kashe ƙwayar cuta biyu suna kokawa da juna, ko wata ƙwayar da ta shigo ta kile ɗin da ya zaga gari. In kason ƙwaƙwalwar na tsaye can sama alhali ba ka yin komai, ba ƙura ce kaɗai matsalarka ba. A wajen saitin batiri kuma a zaɓi yanayin tattalin wuta. Gudun zai ragu kaɗan, amma ga mai rubutu da lissafi ba zai ma lura ba, fankar kuwa za ta samu sa'ida.

Yanzu maganar share ƙura, inda aka fi yin ɓarna. Garin neman gira ake rasa ido. Mun ji masu kai kwamfuta wajen mai faci a hura mata iskar taya. Kada ku yi. Iskar nan na da ƙarfin da zai juya fankar fiye da ƙima ya kashe ƙafarta, kuma tana zuwa da danshi da mai. Hurawa da baki ma yawu ne. Mun ji masu ɗiga man gyaɗa a fanka, wanda zai kama ƙura ya daskare kamar ƙaro. Mun ji mai sa tsinken tsintsiya ya tsayar da fankar don ta daina damunsa, wannan kam ya kashe ɗan aike ne don bai son saƙon. Akwai masu sa ta a firji, ko su ɗora ta kan ƙanƙara, ko su lulluɓe ta da jiƙaƙƙen tsumma. Sanyin zai sa raɓa ta kwanta a kan wayoyin ciki, ruwa da wuta kuwa kun san ba sa shiri.

Yadda ake yi daidai: a kashe, a cire caja, a kwance murfin ƙasa, a zare wayar batiri kafin a taɓa komai. A riƙe fankar da yatsa kada ta juya, a share ta da busasshen buroshi mai laushi, a ɗaga ta a ciro ƙyallen ƙurar da ke bayanta. In ba ka taɓa yi ba, kai wa mai gyara, amma ka tsaya a buɗe a gabanka, ka ce a nuna maka abin da aka ciro. Mai gyaran kirki ba ya jin haushin haka. In na'urar ta haura shekara uku ko huɗu, ka tambaye shi maganar man da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwa da bututun jan ƙarfe, wanda masu gyaranmu ke kira pat tarmik. Wani toka-tokan mai ne da ke cike ƴan ramukan da ido ba ya gani don zafi ya wuce. Da shekaru yakan bushe ya tsattsage kamar tabkin da ya ƙafe. A goge tsohon tas, a ɗiga sabo kamar ƙwayar dawa, ba a lafta ba. In ka ga an ɗauko man goge baki, ɗauki kayanka ka tafi.

Abu guda da ba ma son a yi wasa da shi: batiri. Zafi ne babban maƙiyin batirin litiyom. In ka ga wurin da kake goga yatsa ya tasa, ko maɓallan sun yi tudu, ko murfin ƙasa ya buɗe baki, batirin ya kumbura. Kada a danna, kada a huda, kada a ƙara sa caji, don yana iya kamawa da wuta. A cire shi a canja. Mun san yadda ake yi in kuran ya dawo bayan dogon ɗaukewa, kowa ya jona ya kwanta. To kada a bar ta tana caji a kan katifa ko ƙarƙashin filo. Cajar jabu mai zafi kamar dutsen guga ita ma a rabu da ita.

Ku kuma ƴan uwa na waje da ke aiko wa ƙanne da ƴaƴa, Allah ya saka da alheri, amma ga ƴar shawara. Kafin ku ba da saƙon, ku sa a buɗe a share a canja man can inda kuke. Ku fi karkata ga irin na ofis, kamar ThinkPad, Latitude ko ProBook, waɗanda ake kwancewa da sukurdireba kuma kayan gyaransu ba su da wuyar samu a nan ko a Kano. Manya-manyan nan na wasan gem masu fitilu kala-kala, kyau a ido, amma a ɗakin kwano murhu ne. Akwai marasa fanka sam, kamar MacBook Air da ake yi tun ƙarshen 2020, ba ƙara ba shaƙar ƙura, sai dai tsada, kuma in ta samu matsala gyaranta ba na kowa ba ne. Ku sani kuma Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma cusa wa tsohuwar na'ura Windows 11 da ƙarfin tsiya na iya ƙara mata nauyi, don haka ku duba shekarunta kafin ku saya. In akwai wuri a jaka, ku haɗo da ƙaramin bututun man nan, da ƴar robar hura iska irin ta masu kyamara, da fanka guda ta ajiya mai lambar na'urar. Gwangwanin iskar share ƙura kuwa ku bar shi, ba a yarda a hau jirgi da shi.

Mu a nan gidan rediyo yanzu sau biyu muke buɗe namu a shekara: ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris in hazo ya lafa, sai kuma bayan guguwar farkon damina ta gama tashi. Kuma kafin a taɓa ko sukuru guda, muna kwafe duk muryoyinmu a kile, mu tura masu muhimmanci a imel. Ɗalibi mai kundi, ka yi haka yau da dare, tun fankar na iya kuka.