In Za Mu Sayi Gida

Jama'a, a shekarun nan ɓarayin daji sun tayar da mutane da yawa a ƙasar Zurmi da Shinkafi. Waɗansu sun rufe gidajensu sun tafi Ƙauran Namoda, ko Gusau, ko Jibiya. Waɗansu kuma sun baro ƙauye suna neman wurin zama a gari. To, in aka nuna mana gida a Gurbin Bore aka ce na sayarwa ne, kada arha ta ruɗe mu. Tambayarmu ta fari ita ce, gidan nan na wane ne?

Dillali la'adarsa yake nema, maganarsa kaɗai ba ta isa ba. Mu je wurin mai unguwa da maƙwabta, mu ji ko mai gidan ne ya gina, ko saye ya yi, ko gado ne. Mu tambaya kuma ko an jinginar da shi.

Gidan gado shi ya fi jawo rigima. In ba a raba gadon ba, magaji ɗaya ba shi da ikon sayar da gidan duka, ko da shi ne babban wa. Mata da marayu suna da rabonsu. Ko rabonsa kaɗai ya sayar mana, akwai abin da malamai ke kira shufu'a, watau abokin tarayyarsa yana iya mayar mana da kuɗinmu ya karɓe rabon. A mazhabar Malikiyya, wanda yake gari ya san an yi cinikin, in shekara ta wuce bai yi magana ba, hakkinsa ya faɗi. Amma wanda ba ya nan, hakkinsa yana nan komai daɗewarsa. Ke nan ɗan'uwan da ya yi hijira yana iya komowa bayan mun yi yaɓe mun sa kwano. Saboda haka a nemo magada duka, ko kuwa a jira alƙali ya raba tukuna.

Sa'an nan mu duba ginin. Da damina ya fi, don lokacin ne ake ganin inda soro ke yoyo da inda ruwa ke kwanciya. Mu ƙwanƙwasa azara, gara takan cinye ta daga ciki. Mu lura kada masai ya kusanci rijiya.

In an shirya, a rubuta takarda: sunan mai sayarwa da mai saye, yawan kuɗi, da iyakar gidan gabas da yamma, kudu da arewa. Shaidu biyu adilai su sa hannu, mai unguwa ma ya sa. Mu karanta da kanmu kafin mu dangwala yatsa. Wanda karatunsa bai nuna ba tukuna, ya zo da nasa mai karanta masa, ba na dillali ba.

Akwai sauran abu guda. Dokar ƙasa ta 1978 ta ce filin karkara ba ya sauya hannu sai da yardar ƙaramar hukuma. Don haka a kai takardar ofishin ƙaramar hukuma a Zurmi, a karɓo shaidar yardarsu, a ajiye su tare inda gara da ruwa ba za su kai ba.