Jitar Jaz Ga Mai Ƙananan Hannuwa

Abin da ya fi wahalar da makaɗi mai gajerun yatsu shi ne tsawon tsirkiya. Babbar jitar jaz irin Gibson L-5 tsirkiyarta inci 25 da rabi ce, sai yatsu sun buɗe ƙwarai, har wuyan hannu ya yi tsami. A 1955 kamfanin Gibson na Amurka, bisa shawarar makaɗa Billy Byrd da Hank Garland, ya ƙera Byrdland: tsirkiya inci 23 da rabi, ga siririn wuya, cikinta kuma ba kauri. Sai dai tsada gare ta. Wanda aljihunsa bai kai ba ya nemi mai inci 24 da kwata uku, ya kaɗa ta kafin ya biya, domin kaurin wuya yakan ɓata amfanin gajeriyar tsirkiya.