Tace Magani Ba Tsayawa: Aikin Na'ura da Lissafi

Jama'a, magungunan da ake samu daga ƙwayoyin halitta masu rai ba su fitowa a tsarkake, sai an tace su. Hanyar tacewar ita ce kuromatogirafi, wadda Mikhail Tsvet, masanin tsirrai na Rasha, ya bayyana a 1903. A yau ana tura ruwan ta cikin bututu cike da 'yan duwatsu masu kama maganin, dauɗa ta wuce.

A tsohon tsari bututu guda ne, akan tsai da shi tun bai ƙoshi ba don kada magani ya zube, alhali kuwa duwatsun nan tsada gare su ainun. Sabon tsari ya jera uku ko huɗu. Abin da ya kuɓuce wa na farko na biyu ya kama, sa'an nan a kwashe na farkon, a wanke, ya koma layi.

Manomin Gidan Goga da ya san rabon ruwan madatsar Bakolori, wadda aka gama a 1978, ya san wuyar aikin tana ga lokacin buɗe ƙofa da rufe ta. To, a nan ido ba ya isa. Na'urar haske ke auna maganin da ke sulalewa, kwamfuta ta juya famfo. Da yake duwatsun na raunana da tsufa, tilas a ba ta lissafin da zai hango ƙoshin bututu kafin ya zo. A ganina nan ne ɗalibanmu na injiniya za su fi amfani, gama kuskuren minti kaɗan na iya ɓata maganin kwanaki.