Cinikin Biri a Sama: Shin Mutum Zai Iya Mallakar Fili a Duniyar Wata?

Akwai shafukan intanet da ke tallar fili a duniyar wata da duniyar Mars. Mutum zai biya 'yan daloli da katin banki, sai a aiko masa da takarda mai ado ɗauke da sunansa, da taswira da aka zagaye wani ɗan gurbi a kanta, a ce masa nan ne filinsa. Wasu na saye don kyauta, wasu kuma da tunanin jari ne da 'ya'ya za su ci moriyarsa. Amsar a taƙaice ita ce, babu wata doka a duniya da ta san da zaman wannan takarda. Sai dai dalilin hakan ya cancanci a fahimce shi, domin akwai abubuwan sararin samaniya da doka ta yarda a mallaka, kuma a kansu ne ƙasashe ke ja-in-ja a yanzu.

Me ke sa fili ya zama na mutum?

Idan manomi zai sayi gona a Banga da ke ƙaramar hukumar Kaura Namoda, ko a Shinkafi ko Zurmi, ba miƙa kuɗi kawai yake yi ya juya ba. Za a kira shaidu, maƙwabtan gona su nuna iyaka, mai unguwa ko dagaci ya san da cinikin, sannan a rubuta takarda. A saman wannan duka akwai Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Filayen birni gwamna ke bayar da takardar shaidar mallakarsu, na karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izinin amfani da su bisa al'ada. In rigima ta taso, akwai alƙalin da zai saurari ƙara, akwai kuma hukumar da za ta zartar da hukuncinsa.

Ke nan ƙarfin takardar fili daga hukumar da ke tsaye a bayanta yake fitowa. A duniyar wata kuwa babu dagaci, babu gwamna, babu kotu. Kuma da gangan ƙasashen duniya suka bar wurin a haka.

Yarjejeniyar 1967

A lokacin da Amurka da Tarayyar Sobiyat ke tseren zuwa wata, an ji tsoron kada wanda ya fara isa ya ce wurin nasa ne, kamar yadda Turawa suka yi wa Afirka. Wannan ya sa aka tsara Yarjejeniyar Sararin Samaniya a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. An fara sanya mata hannu ranar 27 ga Janairun 1967, ta fara aiki ranar 10 ga Oktoban shekarar. Ƙasashe fiye da 110 ne ke cikinta a yau, har da Amurka da Rasha da Sin, kuma Nijeriya ta shiga tun a 1967.

Sashe na 2 na yarjejeniyar ya hana kowace ƙasa mayar da wata, ko wata duniya, ko wani yanki na sararin samaniya mallakinta, ko ta hanyar shela, ko zama a wurin, ko amfani da shi, ko kowace irin dabara. Shi ya sa tutar da 'yan sama jannatin Apollo 11 suka kafa a watan Yulin 1969 ba ta mayar da wata yankin Amurka ba. Majalisar dokokin ƙasar da kanta ta fayyace a shekarar cewa tutar alamar alfahari ce kawai.

Ƙofar da Dennis Hope ya ce ya gano

A 1980 wani Ba'amurke mai suna Dennis Hope ya lura cewa sashe na 2 ƙasashe ya ambata, bai ambaci ɗaiɗaikun mutane ba. Sai ya rubuta takardar da'awar cewa wata nasa ne, ya aika wa Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnatocin Amurka da Sobiyat. Da ba a ba shi amsa ba, sai ya ɗauki shirun a matsayin yarda, ya buɗe kamfanin Lunar Embassy yana sayar da eka-eka.

Masana dokar sararin samaniya sun yi watsi da wannan hujja ta fuska biyu. Ta farko, sashe na 6 na yarjejeniyar ya ɗora wa kowace ƙasa alhakin duk abin da 'yan ƙasarta da kamfanoninta suka yi a sama, kuma dole ta ba su izini ta riƙa sa musu ido. Abin da aka hana gwamnati, ba za ta iya halatta wa ɗan ƙasarta ba. Ta biyu, mallakar fili tana buƙatar ƙasar da za ta amince da ita, kuma duk ƙasar da ta yi wa fili rajista a wata ta nuna ke nan tana da iko da wurin, abin da sashe na 2 ya hana.

Kotuna ma sun taɓa gwada batun. Wani Gregory Nemitz ya yi da'awar mallakar Eros, ɗaya daga cikin manyan duwatsun da ke kewaya rana. Da kumbon NEAR Shoemaker na hukumar NASA ya sauka a kansa a watan Fabrairun 2001, sai ya aika wa hukumar takardar neman dala 20 kuɗin ajiye kumbo. NASA ta ƙi biya, ya kai ƙara, kotun tarayya a jihar Nevada ta kori ƙarar a 2004 saboda ya kasa nuna cewa yana da haƙƙin mallaka. A Sin kuma, hukumomin Beijing sun ƙwace lasisin wani kamfani da ya fara sayar da filayen wata a 2005, kotu ta tabbatar da matakin a 2007. A fiƙihun ciniki ma, sananne ne cewa sayar da abin da mutum bai mallaka ba, kuma ba zai iya miƙa shi ga mai saye ba, ciniki ne ɓatacce.

Abin da doka ta yarda a mallaka

Na farko shi ne na'ura. Sashe na 8 ya ce duk abin da aka harba sama yana nan a hannun mai shi, ko da ya sauka a wata duniya. NigeriaSat-1 da aka harba daga Plesetsk a Rasha a watan Satumban 2003, da NigComSat-1R da aka harba daga Sin a watan Disamban 2011, dukiyar Nijeriya ce. A 1993 wani mai ƙirƙirar wasannin kwamfuta, Richard Garriott, ya sayi motar Lunokhod 2 ta Sobiyat a gwanjo kan dala 68,500, alhali tana kan wata tun 1973. Motar tasa ce, amma ƙasar da take tsaye a kai ba tasa ba ce.

Gurbin da tauraron sadarwa ke zama, a nisan kilomita 35,786 daga doron ƙasa, shi ma ba a sayensa. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ke tsara wanda zai yi amfani da kowane gurbi da zangon sadarwarsa. A 1976 wasu ƙasashen da ke kan layin tsakiyar duniya, ciki har da Kenya da Uganda, sun fitar da sanarwa a Bogota cewa sararin da ke saman kansu nasu ne, amma sauran ƙasashe ba su karɓa ba.

Na biyu shi ne dutsen da ya faɗo da kansa. Ranar 3 ga Oktoban 1962 wani dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a gonarsa a Zagami, yankin Faskari a jihar Katsina ta yanzu, dab da iyakar Zamfara. Bincike ya tabbatar daga duniyar Mars ya fito, kuma gutsattsarinsa na hannun ɗakunan bincike da masu tara irin waɗannan duwatsu a ƙasashe da dama. Wani makamancinsa mai nauyin kilo 24 da ɗoriya, wanda aka tsinta a yankin Agadez a watan Nuwamban 2023, an yi gwanjonsa a Sotheby's da ke New York a watan Yulin 2025 kan dala miliyan 5.3, abin da ya sa gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda aka fitar da shi. Da zarar dutse ya taɓa ƙasa, dokar ƙasar da ya faɗa ce ke aiki a kansa. Don haka mutum na iya riƙe ɓangaren Mars a tafin hannunsa bisa doka, amma ba zai iya mallakar taƙi ɗaya a can ba.

Inda gardamar take: ma'adinai

Mutumin Zamfara ya san bambancin gona da abin da ke ƙarƙashinta. Tsarin mulkin Nijeriya da Dokar Ma'adinai ta 2007 sun ce zinaren da ke ƙasa na gwamnatin tarayya ne, ko da a gonar wa yake, kuma mai lasisi na iya haƙo shi ya sayar ba tare da ya zama mai gonar ba. Kusan irin wannan rarrabewa ake ƙoƙarin kai wa sama. A 2015 Amurka ta yi dokar da ta ba 'yan ƙasarta damar mallakar abin da suka haƙo a sararin samaniya, ba tare da mallakar wurin ba. Luxembourg ta bi sahu a 2017, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 2019, Japan a 2021. Abin da aka fi hari shi ne ƙanƙarar da ke cikin ramukan kudancin wata, domin ana iya samun ruwan sha da iskar shaƙa da makamashin roka daga gare ta.

Akwai wata yarjejeniya ta 1979 da ta ce wata da albarkatunsa gadon dukkan bil'adama ne, ta kuma fito fili ta hana ɗaiɗaikun mutane mallakarsa. Amma ƙasashen da suka amince da ita ba su kai 20 ba, babu ko ɗaya daga cikin manyan masu zuwa sama, kuma Saudiyya ta fice daga cikinta a watan Janairun 2024. A maimakonta Amurka ta ɓullo da Yarjejeniyar Artemis a 2020, wadda ta ce haƙar albarkatu ba mamaye wuri ba ne. Nijeriya da Ruwanda ne ƙasashen Afirka na farko da suka shiga, ranar 13 ga Disamban 2022 a Washington, inda ministan sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, ya sanya hannu a madadin Nijeriya. Rasha da Sin ba sa ciki, suna da nasu shirin na kafa tashar bincike a wata.

Masu suka na tambayar cewa, idan kamfani ya kafa injinansa a ramin da ya fi ƙanƙara, ya nemi kowa ya nisanci wurin don kauce wa haɗari, me ya rage tsakanin wannan da mallaka? Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sararin samaniya da ke zama a Vienna, wanda Nijeriya mamba ce a cikinsa, na ci gaba da tattauna wannan batu.

Kafin a tura kuɗi

Duk wanda aka yi wa tallar fili a wata, ya yi tambayoyin da zai yi kafin sayen gona a ƙauyensu: wa ya ba mai sayarwar? Wace hukuma ce ta yi rajista? Wace kotu za a je idan wani ya shiga? Ba a samun amsar ko ɗaya. Takardar ba ta shiga rabon gado a matsayin fili, banki ba zai karɓe ta jingina ba, kuma kamfanoni daban-daban na iya sayar da gurbi ɗaya ga mutane goma. Haka abin yake ga shafukan da ke sayar da sunan tauraro, domin ƙungiyar masana taurari ta duniya, IAU, ce ke raɗa sunayen da masana ke aiki da su, kuma ba ta sayarwa. Wanda ya saya don raha ya rataye a ɗaki, ya san kuɗin takarda da tawada ya biya. Wanda aka ce masa jari ne kuwa, ya riƙe kuɗinsa, kada kuma ya shigar da lambobin katin bankinsa a shafin.