Ƙanƙarar Furanni da Sirrin Laushinta

Idan bazara ta kankama, daga watan Maris zuwa Mayu, zafi ya haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, babu abin da rai ke marmari bayan cin abinci kamar abu mai sanyi wanda ba ya nauyi a ciki. Shi ya sa yara ke rububin ƙanƙarar zoɓo da ake ƙullawa a leda. Amma wannan ƙanƙara, duk da albarkarta, tauri gare ta kamar dutse, kuma da an tsotse zaƙin sai a bar mutum da farin ruwa sandararre. Akwai wata iri mai laushi, wadda ake ɗiba da cokali ta narke a harshe, ba madara ba ƙwai a cikinta, kuma alal haƙiƙa abin da ya raba su bai wuce sanin mizanin sukari da yawan motsawa ba.

Sana'ar tana da asali mai nisa. Mutanen Farisa sun gina rumbunan ajiye ƙanƙarar hunturu tun kafin Musulunci, kuma har yau birnin Shiraz ya shahara da faluda, wadda ake yi da ruwan wardi da lemun tsami. Shi ruwan wardi kuwa darajarsa ta kai ana gauraya shi da zamzam wajen wanke Ka'aba. Daga bisani hikimar ta isa Italiya, inda Antonio Latini ya rubuta hanyoyin yinta a littafinsa na girki a Napoli, wajen ƙarshen ƙarni na 17. Mu kuwa Allah ya hore mana zoɓo, wanda manoman Jigawa da Kano da Katsina ke nomawa har ana kai shi ƙasar Meziko, kuma abin da muke jiƙawa shi ne jan kwanson da ke tallafe da furen yakuwa, wanda ke kumbura bayan furen ya faɗi.

Ga illar tauri da maganinta. Ruwa zalla yana daskarewa a digiri sifiri, ƙwayoyinsa su jeru su kama juna su zama dunƙule guda. Amma idan aka narkar da sukari a ciki, sai ya shiga tsakaninsu ya hana wani kaso daskarewa, ta yadda za a sami ƙananan tsakuwoyin ƙanƙara suna iyo cikin ruwan zaƙi mai kauri, wannan kuwa shi ne laushin da harshe ke ji. Idan sukari ya gaza sai ta sandare, idan ya yi yawa sai ta ƙi kamawa sam, don haka masu sana'ar suka tsaya a kan kimanin kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari. Uwargida ta jiƙa cikin hannu biyu na zoɓo a tafasasshen ruwa lita ɗaya, ta tace, ta zuba sukari wajen giram 350, ta matsa lemun tsami, sannan bayan ya huce ta ɗiga ruwan wardi cokalin shayi guda, domin zafi yana kore ƙamshinsa. Kada ta tsorata in ta ji zaƙin ya zarce na sha, gama sanyi yana dakushe ɗanɗano. Kanwa kuwa, wadda wasu ke sawa don kashe tsami, ina ganin barinta ya fi, saboda tana juya jan launin ya yi duhu.

Sai ta zuba a faranti mai faɗi ta sa a firiza, duk rabin sa'a ta fito da shi ta farfasa da cokali mai yatsu, har sa'a uku ko huɗu, domin kada tsakuwoyin su sami sukunin girma. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, akwai dabarar magabata: a cika bokiti da fasasshiyar ƙanƙara kashi uku da gishiri kashi ɗaya, a zuba ruwan zoɓon a kwanon ƙarfe mai murfi a nutsa shi a tsakiya, a riƙa juya shi ana kankare gefensa, gama haɗin ƙanƙara da gishiri yana iya sauka har kusan digiri 21 ƙasa da sifiri.

Idan za a gwada wasu furanni ban da zoɓo, wajibi ne a yi hattara da zaɓen fure. Na ado da ake sayarwa galibi an yi musu feshin magani, zaƙami kuwa guba ne tun daga furensa har ƙwayarsa, kuma ruwan wardin da za a saya ya zama na abinci, ba na shafawa ba. Idan an gama, a sha ta cikin kwana biyu ko uku, domin duk sa'ad da aka ɗauke wuta ta ɗan narke ta sake kamawa, tsakuwoyin ƙara girma suke yi.